Shawara ga masu kwana a tanti bakin kogi a Amurka

'Yan uwa mazauna Amurka, in da tanti za ka fita, kada ka biya kuɗin filin manyan motocin nan masu ɗaki da tireloli. Nemi filin da ba wutar lantarki.

Tsadar nasu ta wuta da famfo ce, kai kuwa tocila da jarkar ruwa sun ishe ka. Ga shi yawanci sun zuba tsakuwa ko siminti, turakun tanti ba sa shiga. Ni sai da na lanƙwasa guda uku kafin na gane, ga na'urar sanyin maƙwabci tana gurnani har asuba.

Duba Recreation.gov, shafin intanet na gwamnati da ake kama filin tanti. Sashen injiniyoyin sojan Amurka yana da sansanoni a gefen kogin Misisipi, kuma galibi ana buɗe rajista wata 6 kafin ranar da za ka kwana. Hutun 4 ga Yuli sai ka yi rajista da wuri.

Amma da bazara kogin kan cika, filayen tanti da ke gangare su ruwa ke fara ci. Dubi inda shara ta maƙale a jikin itatuwa, ka kafa sama da nan. In kuma kana da maganin da ke son firij, biya na wutar kawai.