Yadda ake gano matsalar gcc na Linux a kan FreeBSD

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta da masu kula da sabar ofisoshi a Bauchi waɗanda suka ɗora FreeBSD, wani tsarin sarrafa kwamfuta daban da Linux, a kan injinansu sukan wayi gari da buƙatar harhaɗa manhajar da aka rubuta domin Linux, wato mayar da rubutun shirinta zuwa fayil ɗin da kwamfuta za ta iya gudanarwa. FreeBSD na iya gudanar da manhajojin Linux kai tsaye, domin kanel ɗinsa, wato zuciyar tsarin, yana gane fayil ɗin Linux ya kuma amsa kiraye-kirayensa yadda ya saba. Gudanar da manhajar da aka riga aka harhaɗa ba ya yawan ba da wahala. Kwamfaila kuwa, wato manhajar da ke yin harhaɗawar, irin su gcc, daban take, saboda gcc ba ya aiki shi kaɗai: yana kiran ƙananan manhajoji cc1 da as da ld, yana buɗe ɗimbin fayiloli, kuma a kowane mataki akwai yiwuwar ya ɗauko na FreeBSD a maimakon na Linux.

Da farko a tabbatar da tushe. A sa `linux_enable="YES"` a cikin /etc/rc.conf, a ba da umarnin `service linux start`, sannan a duba da `kldstat` cewa linux64.ko ya hau. Kunshin linux_base-rl9, wanda ke saka fayilolin Rocky Linux 9 a foldar /compat/linux, bai ƙunshi kwamfaila ba, sai an ƙara linux-rl9-devtools. Idan saƙon kuskure ya ce ba a samu cc1 ba, yawanci kunshin ne bai cika ba.

Babbar matsalar tana cikin yadda kanel ke neman fayil. Duk lokacin da manhajar Linux ta nemi /usr/include/zlib.h, kanel yana fara dubawa a /compat/linux/usr/include/zlib.h, idan bai samu ba sai ya koma ainihin /usr/include na FreeBSD ba tare da ya ce uffan ba. Abin kamar mai girki ce da gishirinta ya ƙare ta aiki yaro maƙwabta, ya dawo mata da kanwa, ita kuma ta zuba ba ta duba ba. FreeBSD yana da nasa zlib.h da nasa libz, don haka idan ba a saka na Linux ba, gcc ba zai ce fayil ya ɓace ba, zai ci gaba da aiki har sai ld ya fara ƙorafin sunayen da bai gane ba, ko kuma manhajar ta harhaɗu lafiya ta faɗi a lokacin gudu.

Wani zai ce a yi amfani da `gcc -H` domin ganin fayilolin .h da aka buɗe, ko `gcc -v` domin ganin inda ake nema. Suna da amfani, amma a nan suna iya yaudarar mutum, domin ko daga ina fayil ɗin ya fito, sunan da za su nuna ɗaya ne: /usr/include/zlib.h. Abin da ya kamata shi ne a ɗauki wannan suna a koma tagar umarni ta FreeBSD, a duba da `ls` ko akwai shi a ƙarƙashin /compat/linux. In babu, an kama ɓarawon.

Irin wannan cakuɗuwa tana faruwa da kayan aikin ma. Da zarar bash na Linux, manhajar da ke karɓar umarni, ya kira make na FreeBSD, manhajar da ke jagorantar matakan harhaɗawa, wannan make ɗin da duk abin da ya nema sun fita daga tsarin Linux, kuma idan ya kira cc zai samu clang, wanda shi ne kwamfailar FreeBSD tun fitowar 10.0 a shekarar 2014. Ga shi kuma make na FreeBSD ba na GNU ba ne, ba ya fahimtar wasu ƙa'idojin Makefile na Linux. Saboda haka a fara aiki daga /compat/linux/bin/bash, a buga `uname` a ga ya amsa Linux kafin a gudanar da configure, shirin da ke duba injin kafin harhaɗawa, domin da amsar uname ne configure ke yanke hukuncin irin tsarin da yake ciki.

Sauran kurakuran sun fi sauƙin ganewa. Saƙon da ke cewa ba a samu wani GLIBC_2 ba yana nufin glibc, babban laburaren da manhajojin Linux ke dogara da shi, ya tsufa: tsohon linux_base-c7 an gina shi a kan CentOS 7 mai glibc 2.17 da gcc 4.8.5, kuma an daina tallafa wa CentOS 7 a watan Yunin 2024, yayin da Rocky Linux 9 ke da glibc 2.34. Idan aka ga `kernel too old`, a duba `sysctl compat.linux.osrelease`, wato lambar fitowar Linux da kanel ke nuna wa manhajoji. Idan kuma kwamfailar ta mutu ba bayani, a karanta `dmesg`, domin a nan kanel ke rubuta kiran da bai iya amsawa ba. Ɗaga lambar osrelease yana canza abin da kanel ke faɗa game da kansa ne kawai, ba ya ƙara masa kiran da ba shi da shi.

A ganina, wanda zai riƙa harhaɗa manhajoji akai-akai kada ya dogara da /compat/linux. Ya saka debootstrap, manhajar da za ta sauko masa da fayilolin Ubuntu Linux cikin wata folda, ya ba da umarnin `debootstrap jammy /compat/ubuntu`, ya ɗaura linprocfs da linsysfs da devfs da tmpfs a ƙarƙashin wannan folda ta hanyar /etc/fstab, ya shiga da `chroot /compat/ubuntu /bin/bash`, sannan ya saka build-essential da apt. Umarnin chroot yana kulle aiki a cikin wannan folda, babu hanyar komawa fayilolin FreeBSD, don haka abin da babu zai fito fili a matsayin babu. Aikin yana cin data sosai, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyarsa, gara a share foldar a sake daga farko, amma a tabbatar an sauke devfs da sauran abubuwan da aka ɗaura kafin a share.

Bayan an gama harhaɗawa, a gwada sakamakon da umarnin `file`, wanda ya kamata ya nuna GNU/Linux. Idan kanel ya ƙi gudanar da fayil ɗin yana cewa bai san nau'in ELF ɗinsa ba, wato tsarin fayil ɗin manhajar, abin da ya fi faruwa da manhajojin da aka dunƙule laburarensu a ciki, a yi masa tambari da `brandelf -t Linux`.