Kunya da maƙalar neman jami'a: shawara ga Sakkwatawa sababbin zuwa Amurka da Ingila

Duk wanda ya yi sakandare a Sakkwato ya san hanyar shiga jami'a a gida. Ka ci WAEC ko NECO, ka zauna JAMB, ka duba makinka cikin 400, sai ka zuba ido ko sunanka zai fito a Danfodiyo ko wani wurin. Ba mai tambayarka me kake yi bayan la'asar, ko wane tunani ne ke hana ka barci. Lamba ce ke magana. Shi ya sa iyalan da suka sauka Amurka da yara 'yan aji na 11 ko na 12, wato ajujuwan ƙarshe na sakandaren can, kan sha mamaki idan aka ce sai yaro ya rubuta maƙala a kan kansa kafin manyan jami'o'i su dube shi. Uba ya ce ai sakamakonsa mai kyau ne, me kuma ake nema? Abin da ake nema shi ne abin da zai bambanta shi da sauran, domin jami'a irin Harvard a 'yan shekarun nan wajen 4 kacal take ɗauka cikin 100 na masu nema, kuma akasarin waɗanda take mayarwa su ma sakamakonsu mai kyau ne. Mai karanta takardun yana da tari a gabansa, 'yan mintoci kaɗan zai ba ka, ƙanena. A cikin takardun nan duka, maƙala ce kaɗai wurin da kai da kanka kake magana.

Bari in taƙaita tsarin. Jami'o'i sama da 1,000 suna karɓar nema ta Common App, wani fom guda na intanet wanda ake buɗewa ranar 1 ga Agusta. Babbar maƙalarsa ba ta gaza kalmomi 250, ba ta wuce 650, kuma akwai tambayoyi bakwai da za ka zaɓi ɗaya, ta ƙarshensu ma cewa take ka rubuta a kan abin da ka ga dama. Rassan Jami'ar California (UC) ta gwamnati suna da nasu fom, inda za ka amsa tambayoyi huɗu cikin takwas, kowace ba ta wuce kalmomi 350, su kuma suna rufewa wajen ƙarshen Nuwamba. MIT ma nata daban ne. Wannan duk za ka same shi a shafukansu na intanet cikin rabin sa'a. Inda yaranmu ke tuntuɓe wani wuri ne dabam.

An tashe mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. Yaro mai tarbiyya ba ya cika cewa "ni" a gaban manya, ba ya faɗin abin da ya yi sai dai wani ya faɗa, idan aka yabe shi ma sunkuyar da kai yake yi. Wannan hali ne mai kyau, kuma ban ce ka yar da shi a filin jirgi ba. Amma idan ka shigo da shi cikin maƙala, ga abin da ke fitowa: kalmomi 650 a kan muhimmancin ilimi, da halin da Arewa ke ciki, da ƙarancin likitoci a karkara, da burinka na taimaka wa al'umma. Duk gaskiya ne. Sai dai idan aka cire sunanka aka sa na wani yaro daga Katsina ko Kumasi, ba abin da zai canza. Mai karatu ya gama bai san ka ba. Wasu kuma da suka ji an ce Turawa na son mai tallata kansa sai su zarce ɗaya gefen, su cika shafi da cewa su shugabanni ne tun daga haihuwa, masu hazaƙa, masu jajircewa. Wannan ma ba ya shiga kunne, don ko a Amurka ba a son cika baki.

Mafita tana cikin abin da muka riga muka sani: gani ya kori ji. Ba sai ka ce kai mai haƙuri ne ba. Faɗi abin da ka yi, da yadda ka yi shi, da abin da ke zuciyarka a lokacin, ka bar mai karatu ya yanke hukunci da kansa. Wanda ya ba da labarin aikinsa bai yabi kansa ba, shaida ya bayar, kuma ko a gaban dattawan Kanwuri ba a hana mutum bayar da shaida.

A ce akwai yaron da mahaifinsa ke noman albasa a fadamar wajen Wurno. Kowace shekara yana ganin yadda farashi ke faɗuwa a lokacin da kowa ya cire tasa, da yadda wadda aka ajiye don jiran tsada ke ruɓewa a rumbu saboda zafi. Wata shekara ya ɗauki littafi ya fara rubuta buhu nawa aka zuba, nawa suka lalace, a wane ɓangaren rumbun, ya lura cewa ta wajen da iska ke ratsawa ta fi daɗewa. Ya faɗa wa mahaifinsa, dattijo ya yi dariya ya ce ai kakansa ma ya san haka. Yaron ya ji kunya, amma daga baya ya fahimci cewa abin da kakan ya sani ba a rubuce yake ba, ba wanda ya taɓa auna shi, kuma daga nan ne sha'awar lissafi ta shige shi. Wannan maƙala ce da ba wanda zai iya rubutawa sai shi. Ba a ceci kowa a cikinta ba, ba a ci wata gasa ba. Amma an ga mutum yana lura, yana gwadawa, an gwale shi, ya sake tunani, kuma irin wannan jami'a ke so ta zaunar a ajinta.

Ko a ce yarinya ce a Mabera da ke biya wa ƙannenta karatun allo da daddare, ta gano ƙaramin ba ya riƙe harafi sai an rera masa, ta dinga ƙirƙiro masa waƙoƙi. Ko wanda ya yi hutu biyu a shagon gyaran waya, ko wadda ke riƙe wa mahaifiyarta lissafin adashi, ko ɗan gidan dukawa da ya san yadda ake jeme fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna ɗaure littattafai da ita suna kiranta fatar Maroko. Mu ba mu ɗauki waɗannan a bakin komai ba, don da su muka buɗe ido. A teburin mai karatu kuwa, wanda ya gaji da labarin wasan ƙwallo da tafiyar agaji ta mako biyu, su ne sababbi. Kada ka manta, kula da ƙanne da taya iyaye sana'a suna shiga jerin ayyuka goma da Common App ke ba ka damar lissafawa.

Akwai tarko biyu da suka fi kama mu. Na farko aron darajar magabata. Basakkwace idan ya riƙe alƙalami, da wuya ya kai sakin layi na biyu bai ambaci Shehu Usmanu da 1804 ba, 'yan mata kuma Nana Asma'u da 'Yan Taru. Abin alfahari ne, amma ba Nana Asma'u ce ke neman gurbi ba. Idan kakarki jaji ce, wato malamar 'Yan Taru, ko kin tashi kina jin mata na rera waƙoƙin Nana a gidanku har abin ya sa kika fara koyon karanta ajami, to wannan naki ne, rubuta shi. In kuwa daga littafin tarihi kika kwaso, layi ɗaya ya ishe shi, ko ma a bar shi. Na biyu sayar da wahala. Wasu za su ba ka shawara ka rubuta talauci da 'yan bindiga da rashin wuta, wai abin da Bature ke son ji daga Afirka ke nan. Idan da gaske an tashi ƙauyenku a gabashin jihar, karatunka ya tsaya, kana da ikon faɗa, kuma ka ba da mafi yawan wurin ga abin da ka yi bayan faruwar abin, kada ka ƙare kalmominka a kan bala'in kansa. Amma wanda ya tashi a gidan ma'aikaci a Arkilla, direba na kai shi makaranta, ya ce zai ari kukan wasu, ya yi ƙarya, kuma fom ɗin da ke nuna aikin iyayensa zai tona shi.

Game da addini da ƙabila, yara kan tambaya ko su ɓoye. Ban ga dalili ba. A watan Yunin 2023 Kotun Ƙolin Amurka ta hana jami'o'i ba da fifiko saboda launin fata, amma a cikin hukuncin an bar wa ɗalibi ƙofar bayyana yadda asalinsa ya shafi rayuwarsa, muddin labarin nasa ne shi kaɗai. Azumi a zafin Afrilu na Sakkwato ana tsakar shirin jarrabawa, ko neman wurin sallar azahar a makarantar da kai kaɗai ne Musulmi a ajinku, duk suna iya shiga. Wa'azi ne ba ya shiga. Kuma ka tuna mai karatu bai san allo ba, bai san zaure ba. Rabin layi ya isa ka fassara masa, sai ka ci gaba da labarinka.

Sai Turancin kansa. Maƙalar WAEC ta koya mana buɗewa da maganar wani shahararre ko ma'anar kalma daga ƙamus, da jibga manyan kalmomi don malami ya ga mun sha boko. Nan duk wannan nauyi ne a kanka. Fara daga tsakiyar abin da ya faru. Yi amfani da kalmomin da za ka iya faɗa da bakinka ba tare da harshenka ya harɗe ba. Ina ba yara shawara su fara ba wani labarin da Hausa, su naɗa a waya, su saurara. Yawanci abin da ya fito a hirar nan ya fi abin da suka kwana suna bugawa a kwamfuta rai, sai a ɗauko shi a sa masa Turanci mai sauƙi. Idan ka gama, karanta da ƙarfi. Inda ka ji kamar ba kai ke magana ba, goge.

Manyan jami'o'i kan ƙara gajerun tambayoyi nasu, mafi yawa a kan me ya sa ka zaɓe su. Kada ka faɗa musu cewa su fitattu ne a duniya, sun sani. Shiga shafin sashen da kake so, nemo darasi ko ɗakin bincike da ya haɗu da abin da ka riga ka fara, ka ɗaure su wuri ɗaya. Ka kuma duba sunan jami'ar sau biyu kafin ka tura, don ana yawan aika wa wata da amsar wata.

Wanda ya sauka Ingila kuwa, ya ajiye rabin abin da na faɗa. Can ta UCAS, hukumar da ke karɓar takardun neman jami'o'insu, ake nema, gurbi biyar, kuma rubutu ɗaya ne ke zuwa wa dukkansu, saboda haka ba a ambatar sunan jami'a. Iyakarsa haruffa 4,000 ne, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi, kuma ga masu shiga daga 2026 an raba shi tambayoyi uku: me ya sa kake son wannan fannin, yaya karatunka ya shirya ka, me ka yi a wajen aji da zai taimaka. Malaman fannin ne sau da yawa ke karantawa, kuma ba su da sha'awar labarin yarintarka sai inda ya taɓa darasin. Yaron albasar nan, a Ingila layi biyu zai ba rumbu, sauran ya yi maganar littafin ƙididdiga da ya karanta da abin da bai gamsu da shi ba a ciki. Masu neman Oxford ko Cambridge, da likitanci, ranar 15 ga Oktoba ce tasu, ƙarfe shida na yamma agogon Ingila, kuma ba a neman jami'o'in nan biyu tare a shekara guda. UCAS tana da manhajar da ke gano rubutun da ya yi kama da na wani, don haka na yayanka da ya samu gurbi bara ba zai yi maka rana ba.

Iyaye, ku gafarce ni, ga taku. Ku karanta, ku ce "wannan ba halinka ba ne" ko "ka manta abu kaza", amma kada ku karɓi alƙalamin. Haka kawun da ke koyarwa a jami'a a gida, wanda za a tura wa ta WhatsApp ya mayar da ita takardar taron ƙara wa juna sani. Masu karatun nan sun san muryar ɗan shekara 17, sun san ta mai shekara 50. ChatGPT ma haka, zai ba da Turanci sumul wanda ba kowa a cikinsa, ga shi ɗalibi yana sa hannu cewa aikin nasa ne. Mutum biyu sun isa su duba: malamin Turanci, da wanda ya san yaron tun yana ƙarami. Kafin ku biya masu sana'ar gyaran maƙala, ku fara zuwa wajen mai ba ɗalibai shawara a makarantar yaron, kyauta ne, kuma shi ne zai rubuta ɗaya daga cikin takardun shaida. Wanda har yanzu yana gida yana shirin tahowa, akwai EducationUSA a Abuja da Legas.

A fara rubutu tun hutun bazara na can, Yuli ko Agusta, a ajiye shi mako guda a dawo masa, domin ƙofar masu nema da wuri ana rufe ta wajen 1 ga Nuwamba, sauran kuma farkon Janairu. A cikin nema da wurin nan akwai nau'in da ke ɗaure ɗalibi, idan an ɗauke shi dole ya janye daga sauran, iyalin da ke son kwatanta tallafin kuɗi na jami'o'i daban-daban su yi hattara da shi. Common App yana da wani fili na ƙarin bayani, can ne za a faɗi cewa yaro ya canza ƙasa a tsakiyar sakandare, da abin da A1 ko C6 ke nufi, kada a cinye kalmomin maƙala da wannan. Sakamakon ajujuwan da ya yi a Sakkwato ma za a nema, mai hatimin makaranta. A tura ɗan uwa ya je da ƙafarsa ya karɓo tun kafin a tashi dogon hutu, don idan aka rufe makarantu sai Satumba za a samu mai sa hannu.