Yadda Ake Hasashen Kakar Farko ta Sabon Ɗan Wasan NBA

Duk watan Yuni ƙungiyoyi 30 na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ke zaɓen sababbin 'yan wasa, zagaye biyu, kusan mutum 60. A Legas wajen ƙarfe ɗayan dare ake farawa, kuma kafin gari ya waye musu ya kaure a teburan mai shayi na Agege da Idi-Araba kan wanda zai yi fice. Mafi yawan masu musun da lambar zaɓe suke kafa hujja, da ɗan bidiyon mintuna uku da suka gani a waya. Ba nan gizo ke saƙa ba. Idan kakar farko kake son hasashe, fara da tambayar mintuna nawa koci zai ba yaron a fili.

Dubi zaɓen 2003. LeBron James, na ɗaya, ya faɗa Cleveland, ƙungiyar da ba ta da madogara, ya riƙa buga kusan minti 40 a wasa yana cin maki 20.9. Darko Milicic, na biyu, ya faɗa Detroit mai neman kofi, wadda ta ma lashe kofin a kakar. Bai kai minti biyar a wasa ba. Don haka ka buɗe jerin 'yan wasan ƙungiyar da ta ɗauki yaron, ka ƙirga mutum nawa ne a gabansa a gurbin da yake bugawa. Wasa minti 48 ne, gurbi biyar, jimilla minti 240 kocin zai raba. In akwai gogagge mai babban albashi a gurbin, rubuta wa yaron minti 12 zuwa 18. In ƙungiyar ta sayar da manyanta tana sabon gini, ba shi 28 zuwa 32. Ka jira zuwa ƙarshen Yuli kafin ka tsayar da wannan lissafi, domin a farkon watan ake cinikin 'yan wasa, kuma saye ɗaya kan iya mayar da yaro benci.

Daga nan sai lissafin maki. Raba makinsa na jami'a da mintunan da ya buga. Wanda ke cin 18 a minti 30 yana da 0.6 a kowane minti. Zabge kashi ɗaya cikin uku, ya koma 0.4, wannan ma'auni ne na kusa-kusa, kana iya sassautawa ga yaron da za a danƙa wa ƙwallo tun ranar farko. Ninka da mintunan da ka ba shi: minti 20 maki 8 ke nan, minti 30 maki 12. Dalilin zabgewar a bayyane yake. A jami'o'in Amurka daƙiƙa 30 ake ba ƙungiya ta yi jifa, a NBA 24 ne, kuma masu tsaron sun fi tsayi da sauri. Layin maki uku, wanda jifa daga bayansa ke ba da maki uku, ma ya ƙara nisa, daga mita 6.75 zuwa 7.24.

Wannan layin shi ne inda hasashe ya fi rushewa. Yaro na iya yin kaka guda a jami'a hannunsa na ci, alhali jifan bai zauna ba, don wasanni talatin da 'yan kai ba su isa a yi hukunci ba. Abin da ya fi gaya maka gaskiyar hannu shi ne jifan kyauta, wanda ake yi a tsaye ba mai tare shi, daga nisa ɗaya a ko'ina. Lonzo Ball ya ci kashi 41 cikin ɗari na jifan maki uku a jami'ar UCLA, amma jifan kyautarsa 67 ne kacal. Da ya zo Lakers a 2017, maki ukun ya sauko wajen kashi 30. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta: wanda ya haura 80 a jifan kyauta ka amince da hannunsa, wanda ya gaza 70 ka yi taka-tsantsan da shi, komai kyan bidiyonsa.

Ƙwace ƙwallo, tare jifa, da cafke wadda ta dawo daga kwando sun fi maki bin yaro zuwa NBA, saboda sun dogara da tsawon hannu da saurin karanta wasa. Ana auna tsawon hannayen a Chicago cikin watan Mayu. Ɗan Legas Hakeem Olajuwon, da Houston ta ɗauka na ɗaya a 1984, ya shigo da waɗannan a hannu, ya cafke 11.9 a kowane wasa tun kakar farko, ga maki 20.6. Mai raba ƙwallo kuwa, ƙara masa yawan ɓarar da ita a lissafinka, don gurbinsa ya fi kowanne wuyar koyo.

Shekaru na aiki ta fuska biyu, kuma a nan ya kamata ka raba kakar farko da ɗaukacin rayuwar wasa. Malcolm Brogdon, na 36 a 2016, ya kammala jami'a kafin ya zo, ya zama gwarzon sababbi yana da shekara 24. Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, an ɗauke shi na 15 a 2013 yana da 18, ya ci maki 6.8 kawai a kakar farko. Michael Carter-Williams ne ya lashe kyautar a wannan kakar. Amma daga baya Giannis ne ya yi nisa a cikinsu. Yaron da ya riga ya kara da manya a Turai kuwa, rage masa zabgewar nan: Luka Doncic ya zama gwarzon EuroLeague, babbar gasar ƙungiyoyin Turai, da Real Madrid kafin ya zo Dallas a 2018 ya ci 21.2.

Kada gasar Las Vegas ta watan Yuli ta ɗauke maka hankali, wasanni ne kaɗan tsakanin yara da masu neman gurbi. Tarihin rauni ya fi ta muhimmanci: Blake Griffin, Ben Simmons da Chet Holmgren ba su buga ko wasa ɗaya ba a kakar da aka zaɓe su, Joel Embiid kaka biyu ya rasa.

Rubuta hasashenka a littafi kafin Oktoba: mintuna, maki, kashin jifa. Bayan wasa 20 ka gwada shi da abin da ya faru, ka fara duba mintunan. Wasanni kan fara daga sha biyu da rabi zuwa huɗu da rabi na dare agogon Legas, ga matsalar wuta, don haka zaɓi yara uku kawai ka kalli cikakken wasansu, musamman minti biyar na ƙarshe idan maki sun yi kusa. Wanda koci ya bari a fili a lokacin shi ya yarda da shi. Ka kuma bar gurbin gajiya a Janairu da Fabrairu, lokacin da ƙafar da ta saba da wasa 35 a jami'a ke tsakiyar kakar wasa 82, jifa ya fara tsayawa a bakin kwando.