Yadda Za Ki Kula Da Kanki Bayan An Gama Miki Maganin Sankarar Mama

Ranar da kika dawo gida bayan ƙarin ruwan kimiyo na ƙarshe, wato maganin sankara da ake ɗurawa ta jijiya, tsakar gida kan cika da 'yan barka, kowa yana cewa ciwo ya tafi. Allah ya sa haka. Sai dai likita bai sallame ki ba, zirga-zirga kawai ya rage miki. Sankarar mama tana iya komowa ko bayan shekaru, kuma wadda aka gano da wuri ta fi sauƙin magani. Ga abin da ya rage a hannunki.

Fara da takardu. Da yawa daga cikin matan Garwa, Marwa da Ngawundare sai sun gangara Yawunde ko Duwala kafin a yi musu gashi da na'ura, wato a ƙona cutar da hasken na'ura. Kada ki baro can sai kin karɓi sakamakon tsokar da aka yanka aka auna, domin a ciki ne aka rubuta girman ƙarin, da yawan kaluluwar hammata da cutar ta taɓa, da ko irin wadda sinadarin jikin mace ke ciyarwa ce. Ki haɗa da sunayen magungunan kimiyo da yawan gashin da aka yi miki. Ki roƙi likitan ya rubuta wasiƙa zuwa ga likitan da ke kusa da gida, don ba kowace ganawa ce za ta sa ki kwana a jirgin ƙasa ba. Ki ɗauki hoton komai a waya, ki tura wa ɗa ko ƙanwa, sannan ki naɗe takardun da karne, wato littafin asibiti, a leda. Gara da damina ba su san darajar takarda ba.

Na biyu, ranakun komawa. Abin da aka saba shi ne ganin likita duk wata 3 zuwa 6 a shekaru uku na farko, sai duk wata 6 zuwa 12 a shekara ta huɗu da ta biyar, daga nan sau ɗaya a shekara. Hoton mama, wato mamogirafi, sau ɗaya ne a shekara: a ɗaya maman idan an cire guda, a duka biyun idan ƙarin kaɗai aka cire. Idan ranarki za ta faɗo tsakiyar damina kuma hanyarku ba ta biyuwa, ki nemi a matso da ita tun da wuri. Kuɗin mota kuwa a riƙa tara shi a asusu ko adashi, 'yan sefa kaɗan-kaɗan.

Na uku, ƙwayar kullum. Idan an ɗora ki a kan tamoxifen, maganin da ake ba masu irin sankarar da sinadarin jikin mace ke ciyarwa, yawanci ƙwaya ɗaya ce ta miligiram 20 a rana, har shekara 5, wani lokaci 10. A nan mata suka fi karaya: jiki ya yi daɗi, ga zufa da zafin da ƙwayar ke tasowa da shi, ga kuma zafin Garwa na watan Maris da Afrilu. Kada ki daina da kanki, ki kai kukan wurin likita. Ki ɗaura shan ta da wani abin da ba kya mantawa, kamar sallar isha'i. Da azumi ma ba sai an fasa ba, a sha bayan buɗa-baki ko da sahur. A farmasi za ki saya, ba a tiren mai talla da ya wuni a rana ba. Ba a ɗaukar ciki ana shan tamoxifen, domin yana iya cutar da ɗan tayi, kuma ba kowane maganin tazarar haihuwa ne ya dace da ke ba. Ki je da maigida a yi maganar a gaban likita. Waɗanda suka daina al'ada akan ba su letrozole ko anastrozole, su kuma ciwon gaɓoɓi da raunin ƙashi ne matsalarsu. Jiƙe-jiƙe da kayan mata, duk wanda aka kawo miki, a fara tambaya.

Sai hannu, wanda a ganina shi aka fi sakaci da shi. Idan an cire kaluluwar hammata, ruwan jiki ba ya komawa yadda ya saba, hannun gefen yana iya kumbura bayan watanni ko shekaru. Alamar farko sau da yawa ba ciwo ba ce: zobe ne zai matse, ko awarwaro, ko hannun riga, ko ki ji hannun ya yi nauyi. Ki kiyaye shi daga yanka da ƙuna, wato a yi hattara da wuƙar yanka kuɓewa da fantsamar mai a bakin murhu. Ki shafa man kaɗanya kada fata ta tsage, ki kwana cikin gidan sauro. Ƙaramin rauni a wanke da sabulu nan take. Kada ki yarda wanzami ya yi ƙaho, tsaga ko sakiya a wannan hannu, komai kumburinsa. Allura da ɗibar jini, a miƙa ɗaya hannun in da hali. Amma kada a naɗe hannun a ajiye kamar kayan gado: ki tsaya gaban bango, yatsu su riƙa hawa sama a hankali, kullum. Daka da ɗaukar bokiti a koma musu sannu-sannu. Idan hannun ya yi ja, ya ɗau zafi, ga zazzaɓi, ranar za a tafi asibiti, ba gobe ba.

Tafiyar ƙafa ta minti 30, kwana biyar a mako, da sanyin safiya, tana rage kasala kuma tana hana ƙiba. Wadda aka cire wa mama tana iya ɗinka ɗan matashi na auduga ta sa a rigar mama. Auduga dai ba mu rasa ta a ƙasar nan ba. A kuma gaya wa dangi cewa ba a ɗaukar wannan ciwo ta kwano, ta shimfiɗa ko ta zama tare. 'Ya'yanki mata da 'yan'uwanki na jini su ne ya kamata su sani, su riƙa duba kansu.

Sau ɗaya a wata, lokacin wanka, ki bi tabon aiki da tafin yatsu, ki taɓa hammata, da ramin wuya, da ɗaya maman. Abubuwan da ba a jira musu ranar ganawa su ne: sabon ƙullutu ko ƙuraje a kan tabo, ciwon baya ko na ƙashi da ya wuce mako biyu yana hana barci, tari ko haki da ya ƙi tafiya, ciwon kai mai naci da amai, idanu su yi ɗorawa, rama ba dalili. Ga mai shan tamoxifen a ƙara da zubar jini ba lokacin al'ada ba, da kumburin ƙafa ɗaya mai ciwo. Wannan na ƙarshe, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, na gaggawa ne ko da tsakar dare. Ki ɗauki ledar takardunki, ki faɗa wa ma'aikacin farko da kika tarar cewa an taɓa yi miki maganin sankarar mama, kafin ya rubuta miki maganin zazzaɓin cizon sauro.