Darasi: yadda ake amfani da at, on da in wajen faɗin lokaci da Turanci

Toh jama'a, yau za mu taɓa wasu 'yan kalmomi guda uku na Turanci, at da on da in, ƙanana ne a ido amma su ne suke yawan kayar da mutum in ya zo tura saƙo a waya ko cike fom ko rubuta takardar neman izini a wajen aiki. Ba wai ba za a gane ka ba ne in ka saka wata a gurbin wata, za a gane, sai dai mai karantawa zai ɗan tsaya ya sake dubawa, in kuma takardar neman aiki ce to gara a gyara tun yanzu.

Mu fara da mai sauƙin. Duk inda za ka ce da ƙarfe kaza, at za ka sa. Da ƙarfe takwas, at 8 o'clock. Da ƙarfe biyu da rabi, at 2:30. Haka ma at noon da at midnight, tsakar rana da tsakar dare kenan, tunda su ma ai ƙarfe 12 ne aka raɗa musu suna. Wannan ba ta cika ba mutane wahala ba, mu wuce.

Ita kuwa on ta rana ce. In a bakinka za ka ce ran kaza ko ranar kaza, to on ce ba tantama. Ran Litinin, on Monday. Ranar haihuwata, on my birthday. Ranar 5 ga watan Yuni, on 5 June. Sai in, wadda ta kwashe galibin abin da ya fi kwana ɗaya tsawo, wata, shekara, damina, ƙarni, shi ya sa ake cewa in June, in 2010, in the rainy season, in the 21st century.

Yanzu ku natsu a nan dan Allah, don nan ne ake yawan zamewa. Mu ɗauki abu guda ɗaya da ya faru mu faɗe shi iri uku. An saki Nelson Mandela daga kurkuku ranar 11 ga watan Fabrairu, 1990. In shekarar kawai za ka faɗa, Mandela was released in 1990. In ka ƙara wata, har yanzu in ce, in February 1990. Amma da zarar lambar rana ta shigo, ko da wata da shekara suna biye da ita, sai kalmar in ta ba da wuri, a ce on 11 February 1990. Ka ga kenan ba tsawon maganar za ka duba ba, abin dubawa shi ne akwai rana a ciki ko babu. Gwada da wani, mutum ya fara taka duniyar wata in 1969, in July 1969, on 20 July 1969. Rufe lamba 20 ɗin da yatsanka ka karanta, sai ka ɗaga yatsan ka sake karantawa, za ka ga inda kalmar take sauyawa.

Sai maganar safe da dare, wadda ni a ganina ita ce ta fi rikitar da mu, saboda mu kalma ɗaya ce take mana aikin duka, da safe, da rana, da yamma, da dare, da ƙarfe uku, amma Turanci ya rarraba su. Da safe in the morning, da rana in the afternoon, da yamma in the evening, kana cikin jin daɗi ka gano hanya sai ka iso dare a ce maka at night, kuma babu the. Kar ka wahalar da kanka neman dalili, haka masu harshen suke faɗa, haddacewa za ka yi. To amma ko a nan ɗin in rana ta shigo ita ce da iko. Ran Litinin da safe, on Monday morning. Ran Asabar da dare, on Saturday night. In ka rubuta in Monday morning an yi kuskure.

Akwai kuma inda ba a sa komai sam. Today, tomorrow, yesterday, haka nan suke zuwa su kaɗai, da duk abin da ya fara da this ko next ko last ko every. I will come next Monday, I saw him last week, she works every day. Mutane da yawa suna rubuta on next Monday don suna ganin rana ce ai dole on ta zo, a'a, next ɗin ta riga ta tare gurbin.

Su kansu Turawan ba bakinsu ɗaya ba fa. Ƙarshen mako a Ingila at the weekend ake cewa, a Amurka kuma on the weekend, duka daidai ne, zaɓi ɗaya ka riƙe. Mutumin Amurka ma sau da yawa yar da on ɗin yake yi ya ce see you Monday. Inda bambancin yake da haɗari shi ne rubuta kwanan wata da lambobi zalla, 5/6/2024 a Ingila 5 ga Yuni ne, a Amurka kuwa 6 ga Mayu, don su wata suke fara rubutawa. Shawarata, in takarda ce mai muhimmanci rubuta sunan watan da haruffa ka huta.

Kalmar in tana da wani aiki na daban da ya kamata ku sani. In aka ce I will call you in two weeks, ana nufin nan da mako biyu zan kira ka. Sai on time da in time, masu kama da juna. On time shi ne a kan lokacin da aka tsayar, an ce ƙarfe tara ka zo ƙarfe tara, the train left on time. In time kuwa ka iso kafin abu ya wuce ka, ko da saura ƙiris, we arrived in time to see him, wato mun same shi bai riga ya tafi ba.

Kar mu tashi ba mu taɓa by da until ba, don a wajen aiki suna iya jawo wa mutum faɗa. In oga ya ce finish it by Friday, yana nufin kar ya wuce Juma'a, in ka gama tun Laraba ma ya fi masa. In kuma ya ce wait until Friday, to ka ci gaba da jira har Juma'ar ta zo. For da since sai darasi na gaba.

Aikin gida. Ɗauko littafinka ka kwafi waɗannan ka cike gurbin, ka lura akwai guda ɗaya da ba ta son komai.

The meeting starts ___ 10 o'clock.
The Second World War ended ___ 1945.
The United Nations was founded ___ 24 October 1945.
I will see you ___ next Tuesday.
He studies ___ night and sleeps ___ the afternoon.
She called me ___ Sunday evening.

In ka gama, rubuta ranar haihuwarka iri uku kamar yadda muka yi da Mandela, shekara kaɗai, wata da shekara, sannan cikakken kwanan wata, kowanne ka fara shi da I was born. Ku karanta wa juna da ƙarfi kafin malami ya karɓi littattafan.