Kurakuran da ke cinye makin ɗan Scrabble a gajerun kalmomi

Sabon shiga a Scrabble, wasan haɗa kalmomin Turanci da haruffa a kan allo, yakan zuba ido yana jiran doguwar kalma mai haruffa bakwai, saboda ƙarin maki 50 da ake samu. Kafin ta zo, abokin karawa ya yi masa fintinkau da 'yan kalmomi masu harafi biyu. Wellington Jighere, ɗan Najeriyar da ya ci kofin duniya a Ostareliya a 2015, ya fito ne daga cikin 'yan wasan da aka sani da taka tsantsan da iya sarrafa gajerun kalmomi.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne riƙe Q ana jiran U. U huɗu ne kacal cikin haruffa ɗari, kuma in wasa ya ƙare Q na hannunka, maki goma za a zaftare maka. Maganin shi ne QI, wato ƙarfin rai a tunanin Sinawa. Akwai QAT, ganyen da ake taunawa a Yaman da Somaliya, sai QADI da FAQIR, waɗanda Bahaushe bai kamata ya manta ba, tun da alƙali da fakiri ne suka sa rigar Turanci. Haka Z: ZA gajarta pizza ce, ZO kuwa dabba ce ta Tibet, barbarar yanyawa tsakanin saniya da yak, wani irin sa mai dogon gashi. X na da XU, kuɗin Biyetnam, da XI, harafin Girkanci.

Sai tarkon da ya fi kama mu. Ka ga an karɓi KA, NA, BA, DA, MU da KO, sai ka ɗauka Hausa ce ta shigo ƙamus, ka ɗora SU ko KU da ƙarfin gwiwa. A'a. KO sandar haƙa ce ta mutanen Mawori na New Zealand, DA wuƙa ce ta ƙasar Bama (Myanmar), KA kuwa kurwa ce a wajen Misirawan da. SU, KU, KE, GA, WA da CE duk babu su. Na taɓa ajiye GA a kan gidan da ke ninka maki uku, aka ƙalubalance ni, na kwashe haruffana ina kallo wani ya mamaye gidan.

A kuma tantance ƙamus kafin a fara. Gasannin Najeriya da ƙamus na Collins ake yi, shi kuma ya yarda da ZO da CH, alhali jerin Amurka bai san su ba.

Kalmomi masu harafi biyu 127 ne a Collins na 2019, abin da za a haddace cikin mako biyu. Babu ko ɗaya mai V a cikinsu, don haka in V ya faɗo hannunka, nemi VAV ko VEX ka rabu da shi da wuri.