Yadda Ake Kare Duwatsun Ado Na Akwatin Kifi Daga Gansakuka

Duk wanda ya ajiye kifin ado a akwatin gilashi ya san yadda dutsen da aka saka fari tas yake komawa kore ko ruwan ƙasa cikin 'yan makonni. Mafi yawan mutane sukan ɗauki buroshi su goge, bayan kwana goma gansakukar ta dawo kamar ba a taɓa ta ba. Dalili shi ne gansakuka tana rayuwa ne da haske da kuma abincin da ya narke a cikin ruwa, musamman naitiret da fosfet, waɗanda suke fitowa daga kashin kifi da ragowar abincin da ya ruɓe. Muddin waɗannan biyu sun yi yawa, goge dutse aikin baban giwa ne kawai.

Saboda haka gyara yana farawa ne daga fitila. Awa 6 zuwa 8 a rana ya wadatar da yawancin akwatuna, kuma ya fi kyau a haɗa fitilar da na'urar saita lokaci domin ta kunna ta kashe da kanta. Akwatin da aka ajiye kusa da taga, inda hasken hantsi yake dukansa kai tsaye, da wuya ya rabu da kore komai ƙoƙarin mai shi, don haka a matsar da shi ko a sa labule. Bayan haske sai abinci: a ba kifi gwargwadon abin da zai cinye cikin minti 2 ko 3, domin duk ƙwayar da ta nutse ta maƙale a ƙarƙashin dutse ta zama takin gansakuka. A kowane mako a zuƙe kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan da tiyo, ana tura bakin tiyon cikin tsakuwa da gindin duwatsu inda datti yake taruwa, sannan a cika da sabon ruwan da aka sa wa maganin cire kulorin idan na famfo ne.

Yana da amfani mutum ya gane irin gansakukar da yake fama da ita. Mai ruwan ƙasa, wadda take kama da ƙura kuma take fita da shafar yatsa, takan bayyana a sabon akwati, kuma sau da yawa takan ragu da kanta idan akwatin ya zauna. Akwai mai ɗigo-ɗigo kore wadda take manne wa dutse da ƙarfi, akwai kuma baƙa mai kama da gemu wadda take fitowa tuntu-tuntu a gefen dutse, ita ce mafi taurin kai. Idan kuwa aka ga wani abu mai yauƙi da wari yana rufe dutse kamar mayafi, wannan ƙwayoyin bakteriya ne, kuma alama ce ta datti da rashin motsin ruwa a wurin.

Idan za a wanke, a ciro dutsen a sa a bokiti tare da ruwan da aka zuƙo daga akwatin, a goge shi da sabon buroshin haƙori wanda aka keɓe don wannan aiki kaɗai. Kada sabulu ko garin wanki ya kusanci dutsen ko bokitin, domin ɗan abin da ya rage a jiki yana iya kashe kifi. Kada kuma a wanke duwatsun duka a rana ɗaya, saboda a jikinsu akwai bakteriya masu amfani waɗanda suke sarrafa gubar amoniya. A wanke rabi yau, a bar sauran sai mako mai zuwa.

Ga baƙar mai gemu, ni na fi amincewa da ruwan haidirojin da ake saya a kemis don wanke ciwo, mai ƙarfin kashi 3 cikin ɗari. A fesa shi a kan dutsen a waje da akwati, za a ga ƙananan kumfa suna tasowa daga cikin gemun, a bar shi minti 5 zuwa 10, a ɗauraye sosai a mayar. Bayan kwana ɗaya ko biyu gemun zai koma jaja-jaja ko fari, alamar ya mutu. Kyan wannan ruwa shi ne yana rikiɗewa ya zama ruwa da iskar oksijin, ba ya barin guba. Bilic ma yana aiki idan abu ya faskara: a gauraya kashi 1 na bilic marar ƙamshi da kashi 19 na ruwa, a jiƙa dutsen kamar minti 10 zuwa 15, a ɗauraye sau da yawa, a jiƙa shi cikin ruwa mai maganin cire kulorin, sannan a shanya shi a rana har sai warin ya ɓace gaba ɗaya. Dutse mai ƙofofi da yawa, irin dutsen aman wuta, yana riƙe bilic a cikinsa, don haka gara a bar shi da haidirojin. Tafasa dutse a tukunya kuwa ganganci ne, domin iskar da ta maƙale a cikinsa tana iya sa ya fashe.

Akwai halittun da suke taimakawa wajen kiwon gansakuka, kamar dodon koɗi na nerayit wanda yake kankare mai ɗigo-ɗigo, da ƙaramin kifin otosinkilus mai son ta ruwan ƙasa, da kifin Siyam mai cin gansakuka wanda yake taɓa baƙar mai gemu. A yi hattara da kifin feleko na gama-gari da ake sayarwa yana ƙarami, domin yakan girma ya wuce santimita 30, kuma kashinsa ya fi aikin da yake yi yawa. Tsirrai masu rai, musamman masu saurin girma, suna shanye naitiret kafin gansakuka ta samu. Idan kore ya rufe komai, ana iya kashe fitila a lulluɓe akwatin da bargo na kwana 3, na'urar tace ruwa tana ci gaba da aiki, sannan a canza ruwa a dawo da haske na awa 6 kawai har sai an ga duwatsun sun yi mako biyu ba su sake yin kore ba.